Takardar Likita da Marin Ƙauye: Tarihin Dokar Tsare Masu Taɓin Hankali a Karkarar Kano

A ƙasashen Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Ɗambatta gona na manne da gona, har ba a cika samun saura ko dajin kiwo ba, abin da ya sa tilas a ɗaure dabbobi da damina. A irin wannan wuri, idan ciwon hauka ya tasar wa mutum, babu inda zai nufa face cikin shukar maƙwabci ko bakin rijiya. Saboda haka tambayar wanda ke da ikon tsare shi, da kuma tsawon lokacin tsarewar, tsohuwar tambaya ce.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, al'amarin yana hannun dangi ne. Shari'ar Musulunci ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alhakin abin da ya aikata, ta kuma bai wa alƙali ikon naɗa waliyyi a kan dukiyarsa. Amma tsare jikinsa maigida ke yankewa, da sanin mai unguwa ko dagaci. Akan sa masa mari a ɗaki, ko a kai shi wurin malami domin rubutu da tofi, ko wurin 'yan bori.

Turawa sun buɗe gidajen mahaukata a Kalaba a 1904 da Yaba ta Ikko a 1907, sa'an nan suka kafa doka a 1916, wadda aka sake shigarwa cikin kundin dokokin ƙasa na 1958. Dokar ta tanadi hanya biyu. Ta gaggawa ita ce likitan gwamnati ya rubuta takarda a tsare mutum domin a duba halinsa, wa'adin kuwa ba zai wuce kwana 7 ba sai da izinin majistare. Ta biyu ita ce majistare ya yi bincike, likita ya ba da shaida, sa'an nan a tura mutumin gidan mahaukata. Manufarta kare jama'a ce, ba warkar da majinyaci ba. Shi ya sa a Arewa sau da yawa kurkukun En'e ne makomar wanda danginsa suka kasa riƙewa.

Duk da haka, dokar tana da abu guda da mari ba shi da shi, watau wa'adi da sa hannun hukuma. Sai dai ginshiƙanta biyu, likita da majistare, mazauna birni ne. Manomin da ɗansa ya zabura ana tsakiyar noman farko ba zai bar gero da dawa ya tafi neman takarda ba. Maƙeri ya fi kusa. Ta haka aka wayi gari da tsarewa iri biyu: ta takarda, mai iyaka amma nesa, da ta ƙauye, kusa amma babu ranar kwancewa. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanyar a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, amma tsarin bai game ƙasa ba.

Sakamakon wannan giɓi ya fito fili a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje a shekarar. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar, ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan kwantar da mutum ba da yardarsa ba, tare da bayyana haƙƙoƙinsa.

Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yana cikin ƙasar Dawakin Tofa, a bakin hanyar Katsina. Darasin 1916 shi ne doka ba ta kwance mari sai idan ma'aikacin lafiya da magani sun fi maƙeri kusa da gidan manomi.