Wuƙar da ba ta ɗauke da sunan maƙerinta

Idan Babbar Sallah ta rage kwana goma, duk wanda ya ratsa babban titin Rigasa zai ga wuƙaƙe a shimfiɗe a bakin hanya: ta yanka, ta fiɗa, barho, adda, har da ɗan gatarin sara ƙashi. Mai saye yakan gwada kaifin da babban yatsa, ya yi ciniki, ya kama gabansa. Ba ya tambayar wanda ya ƙera, shi ma mai sayarwar galibi sarowa ya yi. Bayan layya a wanke wuƙa a jefa ta bayan tukwane, sai baɗi, in tsatsa ta bar ta.

A birnin Atlanta na Amurka kuwa, duk watan Yuni ana yin wani taro mai suna Blade Show, wanda aka fara a 1982. Maƙera ne ke kama tebura, kowa ya jera abin da ya ƙera da hannunsa, masu tara wuƙaƙe kuma su zo daga ƙasashe da dama. Akwai maƙerin da saboda yawan masu son aikinsa sai an jefa ƙuri'a kafin a san wanda zai samu damar saye. Abin da mai tarawa ke fara dubawa shi ne tambarin da ke gindin wuƙar, kusa da ƙota, domin sunan ne ke yanke farashi. Wuƙa biyu masu kaifi ɗaya, wata ta yi dala ɗari, wata ta yi dubbai.

Wannan al'ada ba tsohuwa ba ce. A 1970 ne wasu 'yan tsirarun maƙera suka kafa ƙungiyarsu ta Knifemakers' Guild, a lokacin da masana'antu suka kusa binne ƙirar hannu a ƙasar. A taronsu na 1973 wani maƙeri, Bill Moran, ya fito da wuƙaƙen da ya yi ta hanyar ninka ƙarfe iri biyu yana dukansu har suka zama ɗaya, jikinsu ya fito da zane kamar na ruwa mai gudu, abin da ake kira ƙarfen Dimashƙa. A 1976 shi da abokansa suka kafa wata ƙungiyar ta masu ƙira da wuta da guduma, suka kuma tsara jarrabawa. Kafin a kira mutum gwani, sai wuƙarsa ta tsinke igiyar da ke reto da sara ɗaya, ta datse katako, bayan haka ta aske gashin hannu, sannan a danne ta a lanƙwasa har ta yi kwana ba tare da ta karye ba. Wanda ya ci, an yarje masa ya buga alamar gwaninta kusa da sunansa. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan, abin da bai kai tsawon ran tsoho ɗaya ba.

Mu kuwa tarihinmu da ƙarfe ya haura shekara dubu biyu. A Taruga, cikin yankin al'adar Nok, wadda ta samo suna daga wani ƙauye a kudancin Jihar Kaduna, an tono matoyan narkar da tama da suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Labarin kafuwar Kano ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Labarin Bayajidda ma a Gaya ya tsaya, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita. Ko mutum ya ɗauki waɗannan a matsayin tarihi ko almara, abin lura shi ne masu ba da labarin ba su iya kafa gari ko sarauta ba sai da suka fara biyawa ta maƙera. Duk da haka mun riƙe sunan baƙon, da na sarauniya, da na rijiya, har da na macijiya, amma na wanda ya ƙera wuƙar ya ɓace.

Haka abin yake a fadoji. Katsina na da Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, yana cikin kayan sarautar da ake miƙa wa sabon sarki. Takobin ya samu suna kamar ɗan gida, an san hannayen da ya bi. A tunaninmu na da, darajar makami daga wanda ya riƙe shi take fitowa, da yaƙin da ya gani, da asirin da ake jin yana tattare da shi. Maƙeri yana da matsayinsa, yana da Sarkin Maƙera, ana shakkar wasansa da wuta ranar biki, manomi da mahauci da wanzami duk ba su da sana'a sai da shi. Sai dai sana'ar ta gida ce, gado ce, kuma abin da gida ya yi ba a cika jingina shi ga mutum ɗaya ba. Sannan wuƙa mai kyau ba aikin hannu ɗaya ba ce: maƙerin baƙi ya yi ruwanta, maƙerin fari ya yi adon tagulla ko azurfa, baduku ya ɗinka kube. Sunan wa za a buga?

Akwai wani ɓangaren da ba mu cika son ji ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da yawancin ruwan takubban da ke kasuwa daga Solingen ta ƙasarsu aka kawo su, ta hamada a kan raƙuma, ya kuma ƙiyasta abin da ke shigowa a shekara da kusan 50,000. A Kano ake saka musu ƙota da kube, a sake fitar da su zuwa Borno da Nufe da ƙasar Abzinawa. Waɗannan ruwan takubba suna zuwa da tamburan maƙeran Turai: kerkeci mai gudu, ko jinjirin wata biyu masu fuskar mutum. Masu saye suka ɗauki alamun a matsayin shaidar nagarta, wasu ma suka ba su ma'anar tsari. Da maƙeran Sahara da na ƙasar Hausa suka ga haka, sai suka riƙa kwaikwayon tamburan a kan abin da suka ƙera da kansu. Ke nan mun san amfanin tambari sarai, na wani dai muka buga. Masu tara takubban Afirka a Turai har yau aikinsu ke nan, zama da gilashin ƙara girma suna rarrabe watan Solingen da watan da aka sassaƙa a Agadas ko Kano. Ni a ganina na biyun ya fi ban sha'awa, domin shi ne kaɗai wurin da ake ganin rawar hannun mutumin namu.

Jirgin ƙasa ne ya sauya komai. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya bi ta inda Kaduna za ta tashi, kafin a mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Tare da shi sandunan ƙarfen Turai suka shigo da araha, ga kuma tarkacen dogon kansa. Narkar da tama aiki ne na kwanaki, mai cin gawayi da ƙarfin mutane da yawa, don haka cikin 'yan shekarun da suka biyo baya matoya suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙira dai ba ta mutu ba, abincinta ne ya canza. Maƙerin yau sifirin ɗin tsohuwar mota yake nema, kuma ya yi zaɓe mai kyau, don ƙarfe ne mai karɓar tauri idan an gasa shi ya yi ja aka tsoma a mai. Dangin wannan ƙarfen da yawa daga maƙeran Amurka ke koyon aiki da shi. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna zai ga inda wannan tarihi ya kawo mu: tsofaffin motoci na shiga, tukwane da injinan niƙa da garemani da wuƙaƙe na fitowa, yara na koyon aiki a hannun iyayen gidansu.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne sunan da wuƙa ta yi a biranenmu. 'Yan daba a Kano, 'yan shara a Kaduna, masu ƙwacen waya a lungu, duk sun sa mutumin kirki ba ya son a gan shi da ita a aljihu. Wuƙar damtse da matafiyi ke ɗaurawa a da, wadda ado ce kuma kayan aiki, yau tana iya kai saurayi ofishin 'yan sanda. Wanda ya ce zai shirya baje kolin wuƙaƙe a Kaduna sai ya fara da dogon bayani ga jami'an tsaro, kuma ba za a ga laifinsu ba. Maƙeri ma yana da dalilin ƙin buga sunansa a kan abin da bai san hannun da zai faɗa ba. Inda takobi ya rage da mutuncinsa a fili shi ne hawan Sallah, wanda UNESCO ta saka na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma a nan ma ido yana kan doki da alkyabba da rawani.

Masu tarawa dai muna da su, ko da ba su kiran kansu haka. Akwai gidajen sarauta da ke da takubban kakanni a rataye a zaure, akwai mahautan da ke riƙe da wuƙar mahaifinsu wadda washi ya cinye har ta koma kamar tsinke, akwai wanzaman da zabirarsu ke ɗauke da asake na shekaru aru-aru. Waɗannan mutane sukan iya gaya maka garin da aka ƙera abin, wani lokaci har da gidan. Bayanin a bakinsu yake, ba a rubuce ba. Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran Kano ya kuma wallafa littafi a kansu a 1994, yana cikin 'yan kaɗan da suka ɗauki alƙalami suka bi gidajen. Waɗanda aka kwashe zuwa gidajen tarihi na Landan da Oxford tun zamanin mulkin mallaka kuwa, katin da ke gefensu yakan faɗi ƙabila da yanki, da shekarar da aka karɓa, da cikakken sunan Baturen da ya kawo.