Tarihin Ƙananan Jiragen Ruwa na Tsere da Ake Tuƙawa Daga Gaɓa

Akwai wata al'ada a ƙasashen Turai da Amurka wadda baƙo yakan yi mamakinta idan ya fara cin karo da ita, watau a ga dattawa masu furfura, waɗansu injiniyoyi, waɗansu likitoci, waɗansu kuwa tsofaffin ma'aikatan masana'antu, sun hallara a bakin tafki ranar Lahadi da hantsi, kowa rungume da ɗan jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, wanda ya ɓata watannin hunturu yana ƙerawa da hannunsa, su saka a ruwa su yi ta tsere, alhali matuƙan suna tsaye a gaɓa da na'urar rediyo a hannu. Wanda ya yi sha'awar shiga wannan sana'a a yau zai tarar cewa rediyon nan shi ne mafi sauƙin abin da zai nema, ya biya kuɗi kaɗan a ba shi a kwali. Amma idan aka bi tarihi za a ga shi ne ya fi kome ba magabata wahala, shi ne kuma ya zo daga ƙarshe, bayan da sana'ar ta shekara fiye da hamsin tana neman dabarar da jirgi zai ci gaba da bin umurnin mai shi bayan ya bar hannunsa.

Sha'awar ƙera ɗan jirgi daɗaɗɗiya ce ƙwarai. A shekarar 1920 masu tonon kufai sun buɗe kabarin wani babban bafade mai suna Meketre a kusa da Luksor ta Masar, suka sami ƙananan jirage na itace da matuƙansu, waɗanda aka sassaƙa kimanin shekara 4,000 da suka shige. A duniyar Musulmi kuwa, malamin nan masanin hikimomin injuna, Isma'il ɗan Razzazu al-Jazari, wanda ya yi hidima a fadar sarakunan Diyar Bakr, ya siffanta a cikin littafinsa da ya kammala a 1206 Miladiyya wani ɗan jirgi da ake sakawa a tafkin fada, ɗauke da mutum-mutumin makaɗa, waɗanda ruwan da ke zuba daga wani ɓoyayyen tulu a cikin jirgin yake motsa hannuwansu su yi kiɗa lokaci bayan lokaci. Aiki ne na ajabi, sai dai jirgin al-Jazari yana yin abin da aka tsara masa tun kafin a sake shi, ba mai iya sake masa shawara daga nesa.

Tsere na sosai, mai ƙungiyoyi da ƙa'idoji da alƙalai, a Ingila ya kafu cikin ƙarni na 19, a tafkunan lambunan shaƙatawa na birnin Landan, musamman tafkin nan kewayayye na lambun Kensington. Jiragen farko masu ƙyallen iska ne. Mai jirgi yakan tsuguna a gaɓa ya dubi inda iska ta dosa, ya daidaita igiyoyin ƙyallensa, ya saki jirgi, daga nan kuma sai tawakkali. Shi da mataimakinsa sukan bi gaɓa da gudu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, kowa da doguwar sanda, domin idan jirgi ya kauce ya nufo gefe a tare shi a juya masa kai ya koma tsakiya. Daga baya aka ƙago dabaru na sa iskar da kanta ta riƙa gyara tafiya, da farko ta hanyar haɗa igiyar ƙyalle da ƙarfen juyi na bayan jirgi, sa'an nan ta hanyar wani ɗan fiffike da ake kafawa a baya, wanda idan jirgi ya karkace daga layin da aka ɗora shi sai fiffiken ya ja ƙarfen juyi ya maido shi. A wannan zamani ne aka tsara ajin jirage da ake kira Marblehead, da sunan wani gari na bakin teku a jihar Massachusetts inda aka fara shi a 1930, aka ƙayyade tsawonsa inci 50, har yau kuwa ana tserensa.

Masu injin tururi mas'alarsu ta fi tsanani, domin jirgi mai gudu wanda ba shi da matuƙi doki ne ba linzami. Ƙungiyar masu ƙananan jiragen tururi ta lambun Victoria a gabashin Landan, wadda aka kafa a 1904, da ire-irenta waɗanda suka haɗu a 1924 suka kafa babbar ƙungiya ta ƙasa, sun fitar da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gasar miƙewa: a kafa alamomi a ɗaya ƙetaren tafki, mutum ya saita jirginsa ya saki, wanda ya fi kusantar alamar tsakiya shi ne da maki mafi yawa. Ta biyu ita ce a kafa turke a tsakiyar ruwa, a ɗaure jirgi da doguwar waya, mai shi ya shiga ruwa har cinya sanye da dogayen takalman roba, ya hura wutar tukunyar har tururi ya kai maƙura, ya tura jirgin da ƙarfi, jirgi ya yi ta kewaya turke yana feshin ruwa da hayaƙi, alƙali yana riƙe da agogo. Kowa shi kaɗai yake gudu, da agogo ake tsere. Duk da haka, a ganina, mutanen turken nan su ne suka aza harsashin sana'ar, gama da yake ba su da wata hanyar gyara kuskure bayan an saki jirgi, tilas ta sa suka naƙalci sirrin siffar gindin jirgi, da wurin da ya kamata nauyi ya zauna, da yadda ake goge farfela, har jiragensu suka zo suna wuce mil 100 a sa'a.

Abin mamaki shi ne tun kafin a kafa ƙungiyar lambun Victoria an riga an nuna wa duniya maganin mas'alar. A 1898, a wani bajekolin kayan lantarki a zauren Madison Square Garden na birnin New York, Nikola Tesla ya saka wani jirgin ƙarfe mai tsawon kimanin ƙafa huɗu a cikin kwatarnin ruwa da aka gina, da eriya a tsaye a bisansa, ya koma gefe da wani akwati, ya riƙa sa shi yana tafiya, yana juyawa, yana kunna fitilunsa, ba waya ko igiya tsakaninsu. An ruwaito cewa cikin 'yan kallo akwai waɗanda suka ce sihiri ne, akwai kuma waɗanda suka yi zargin an ɓoye horarren biri a ciki. A watan Nuwamba na wannan shekara hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 613,809. A Sifen kuma injiniya Leonardo Torres Quevedo ya ƙera nasa tsarin da ya kira Telekino, ya tuƙa jirgi da shi daga gaɓa a tashar Bilbao a 1906 a gaban Sarki Alfonso na 13.

To, me ya hana wannan hikima isa bakin tafkunan talakawa har kusan shekara hamsin? Dalilai ne na zahiri. Na'urar karɓar saƙo ta wancan zamani ba ta iya bambance muryar mai ita da ta wani, duk tartsatsin lantarki da ya gifta sai ta amsa. Da aka sami fitilun gilashi na rediyo kuwa sai ga su da nauyi, ga saurin fashewa, ga cin batir, ga tsada, ga kuma doka, domin a Ingila sai da lasisi daga hukumar gidan waya mutum zai aika saƙo ta iska. Waɗanda suka iya ɗaukar wannan ɗawainiya sojoji ne, su kuwa abin da ya dame su shi ne yadda za a kai nakiya jikin jirgin abokan gaba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka sauya da sauri. Rarar kayan rediyon soja suka cika kasuwa da araha, dubban samari suka dawo gida da ilmin lantarki da suka koya a bakin daga, aka fito da ɗan fulogi mai ƙuna wanda ya sauƙaƙa ƙananan injuna a 1947, a shekarar nan kuma aka ƙirƙiro taransisto a ɗakunan bincike na kamfanin Bell. Ƙungiyar masu ƙananan jirage ta IMPBA ta kafu a Amurka a 1949, ƙungiyar duniya ta NAVIGA kuma a Turai a 1959. Sai dai kada mai karatu ya zaci rediyon farko yana kama da na yanzu. Maɓalli ɗaya ne tak. A cikin jirgi akwai igiyar roba da ake murɗawa kafin a tashi, ita ke ba da ƙarfin juya ƙarfen baya. Idan matuƙi ya danna sai jirgi ya karya dama gaba ɗaya, idan ya saki ya miƙe, idan ya sake dannawa ya karya hagu, saboda haka wajibi ne ya riƙe a ransa wane gefe ya bi na ƙarshe, in kuwa ya manta sai ya ga jirginsa ya nufi ganuwar tafki. Sai cikin shekarun 1960 aka sami rediyon da ke juya jirgi gwargwadon yadda yatsa ya motsa, kaɗan ko da yawa, daga nan ne tseren jirage da yawa a lokaci guda ya zama abin yi.

Ko a sa'an nan akwai sauran ladabi da ake kiyayewa. Tashoshin da hukuma ta ware a kan zangon megahaz 27 'yan kaɗan ne, kowace da launinta, ja ko rawaya ko kore ko shuɗi, mutum yakan ɗaura ƙyalle mai launin tasharsa a kan eriya, kuma ba shi da izinin kunna na'urarsa sai ya ɗauko ɗan maƙalin tashar daga allon ƙungiya. Wanda ya yi gaggawa ya kunna alhali wani yana kan ruwa da irin tasharsa, to, ya ƙwace masa jirgi ke nan, aikin wata shida ya tarwatse a gaban jama'a. Wannan allo bai gushe ba sai a tsakiyar shekarun 2000, da rediyon zangon gigahaz 2.4 ya shigo, wanda kowace na'ura ke gane abokiyarta ita kaɗai. A daidai wannan lokaci batiran litiyam da sababbin injunan lantarki suka fara ture injunan mai, ko da yake har yanzu akwai masu riƙe da injin fetur mai cc 26, wanda asalinsa daga na'urar yankan ciyawa aka aro shi.

Siffofin jiragen kuwa gadonsu aka yi daga manya. Akwai mai tafiya a kan ƙafa uku, wanda idan ya ɗauki gudu jikinsa yakan tashi ya bar wurare uku kacal suna taɓa ruwa, irin jirgin Slo-mo-shun na 4 da ya yi gudun mil 160 a sa'a a tafkin Washington kusa da Seattle a 1950. Akwai mai gindi biyu da iska ke bi ta tsakaninsu. Akwai kuma mai gindi ɗaya mai tsini, wanda Ray Hunt ya tsara, ya yi suna a tseren teku daga Miami zuwa Nassau a 1960. Wannan na ƙarshe shi ne tsofaffin hannu suke ba sabon shiga shawara ya fara da shi, domin yana haƙuri da igiyar ruwa da kuma hannun da bai ƙware ba, alhali mai ƙafa uku da iska ta shiga ƙarƙashinsa sai ya tashi sama ya kife.

A teburin aiki ne sabon shiga yake gane cewa abin da rediyo ya ɗauke masa kaɗan ne. Zai shimfiɗa zanen jirgi a kan katako miƙaƙƙe, ya yanka haƙarƙari daga siririn falwud, ya kafa su a jere bisa ma'auni, ya bi da fata yana mannawa da gam mai haɗi biyu, yana dubawa da ido ɗaya kada gindin ya murɗe, gama murɗewar da ba ta kai kaurin farce ba takan sa jirgi ya yi ta jan gefe guda muddin ransa. Zai shafe cikin da gam domin kada itace ya sha ruwa, ya cusa soso mai yawo a hanci saboda ranar kifewa, ya rufe akwatin rediyo ruf da salatif. Sa'an nan ya ɗora jirgin da kayansa duka a kan yatsu biyu, yana matsar da batir gaba ko baya, har ma'aunin ya tsaya a wajen sulusin tsawon jirgi daga baya. Farfelar tagulla sai ya zauna da zarto ya wasa ta ya daidaita nauyin kunnuwanta. Yawancin wannan ilmi na mutanen turke ne, ba abin da ya ragu daga cikinsa.

A filin tsere na ƙungiyoyin Amurka akan jera alamomi masu yawo a siffar ƙwai, kewaye shida ya zama mil ɗaya, ana kuma bin hannun agogo, watau juyin dama kullum, abin da ya sa ake kafa wa jiragen ɗan ƙarfe mai kaifi a gefen dama wanda ke riƙe ruwa a kan kwana. Jirage sukan fara kewayawa tun agogo yana ƙirga sakanni, wanda ya ƙetare layi kafin lokaci a ci shi tara, haka wanda ya yanke alama. Idan injin wani ya mutu a tsakiyar ruwa, alƙali yakan yi shela a kauce masa, a bar shi nan har a gama. Dokar da ƙungiyoyi suka fi tsanantawa a kai ita ce haramcin yin iyo don ɗauko jirgin da ya mutu, saboda an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Domin haka akan ajiye ƙaramin kwalekwale da rigar ruwa a gaɓa, wanda kuwa yake gwaji shi kaɗai yakan zo da sandar kamun kifi da aka ɗaura wa ƙwallon tanis a bakin zare, ya jefa ta bayan jirgin, ya jawo shi a hankali.