Inda kukan ɗan haya ke maƙalewa a Ingila

Duk mai ɗan'uwa a Landan ya taɓa jin an ce wane yana zaune a gidan gwamnati. Gidaje ne na ƙananan hukumomi, waɗanda aka shiga ginawa gadan-gadan bayan dokar 1919 don masu ƙaramin ƙarfi. To, in rufi na yoyo, ko maƙwabci ya hana ka barci, hukumar kuma ta yi biris, wa za ka kai wa kuka?

A 1974 aka buɗe ofishin sauraron koke-koke a kan ƙananan hukumomi, irin Hukumar Koke-koken Jama'a da aka kafa mana nan a 1975. Sai dai ba ka zuwa da ƙafarka. Dole takardarka ta bi ta hannun kansila, mutumin da ke zaune a majalisar da kake ƙara! Sai 1988 aka cire wannan sharaɗi. Ana murna, dokar 2011 ta dawo da shi ta bayan gida. Daga Afrilun 2013 aka mayar da koken 'yan haya wani ofishi mai kula da gidaje kaɗai, aka ce sai kansila, ɗan majalisa ko kwamitin 'yan haya ya miƙa maka, in ba haka ba ka jira mako 8.

Rigimar maƙwabta kuwa ta fi wuya. Mu nan Sarkin Hausawa ko mai unguwa zai zaunar da ku biyu, kowa ya faɗi tasa. Ofishin can ba ya kiran maƙwabcin naka, balle ya tashe shi. Abin da yake dubawa kawai, shin mai gidan ya bi ƙa'ida wajen amsa kokenka? Fiona Pilkington, a yankin Leicestershire, ta kira 'yan sanda sama da sau 30 kan samarin da suka addabe ta da 'yarta mai naƙasa. Ba wanda ya haɗa kiraye-kirayen ya ga matsala ɗaya ce. A 2007 ta kashe kanta da yarinyar. Sai 2014 doka ta ba wanda ya yi ta kuka ba amsa damar tilasta hukumomi su zauna tare su sake duba batunsa.

Mazauna benen Grenfell mai hawa 24, mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, sun daɗe suna gargaɗi kan gobara. Ran 14 ga Yuni 2017 ta tashi, mutum 72 suka rasu. Duk da haka fa, sai Oktoban 2022 aka soke jiran mako 8 ɗin nan.

A Rochdale kuma, Awaab Ishak, ɗan shekara 2 wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disamban 2020 saboda danshi da funfuna a bangon gidansu, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka. Dokar da aka raɗa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025. Yanzu in lahanin na gaggawa ne, awa 24 mai gida yake da su.