jā wur

jā wur [jā wur] sif., nm./mc.; jam. jājā̀yē wur. Daga jā¹ (launi) + wur (amsa-kama). Ba shi da alaƙa da jā², fi'ili.

1. Ja mai ƙarfi, kamar jinin da ya fito yanzu. Mis.: fatar ta sha karan dafi, ta yi ja wur.

2. intn. Launin da harshen CSS ke kira crimson. Lamba #DC143C, wato ja 220, kore 20, shuɗi 60. Farin rubutu a kansa yana fitowa sarai, bambanci kusan 5:1. Baƙi kuwa 4.2:1, bai kai 4.5:1 da ake nema ga ƙananan haruffa ba. Ya dace da kanun labari da maɓalli. Idan ya cika shafi, ido yakan gaji. Mis.: sa kanun ja wur.

3. ɗab'i. Haɗin tawadar majenta da rawaya da ɗan baƙi. A takarda mai shan tawada yakan dushe. A gwada kafin bugu.

K.d. jā zur. Dang.: jā-jā, mai ɗan ja, jan ƙarfe, tagulla.

Crimson shi ne launin Jami'ar Harvard, Amurka, a hukumance tun 1910.