Ƙudan yashi: Ire-irensa, maɓoyarsa a ƙasar duwatsu da cutar da yake yaɗawa

Ƙudan yashi ƙwaro ne mai shan jini wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wato sauro ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Launinsa kamar na yashi ne, jikinsa na da gashi, kuma idan ya sauka yakan ɗaga fukafukansa sama maimakon ya kwantar da su. Ba ya kuka irin na sauro, ba ya kuma tashi mai nisa, sai dai ya riƙa tsalle-tsalle kusa da ƙasa. Macen ce kaɗai ke cizo, galibi daga magariba zuwa asuba, domin sai da jini ƙwayayenta ke ƙosawa.

Duk da ƙanƙantarsa, shi ne ke yaɗa cutar lishmaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da ita kowace shekara.

Ire-irensa

Masana sun tantance kimanin nau'i 1,000 na wannan ƙuda a duniya, fiye da 90 daga cikinsu kuma na yaɗa cutar. A Afirka manyan dangi biyu ake da su. Na farko shi ne Sergentomyia, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma, amma akasarin nau'o'insa jinin ƙadangare da tsaka suke sha. Na biyu shi ne Phlebotomus, wanda ke cizon mutane da dabbobi.

A cikin dangi na biyun, wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne Phlebotomus duboscqi, wanda aka fara bayaninsa a 1906 daga ƙasar da ake kira Mali a yau. Yana zaune a shiyyar Sahel da sabana tun daga Senegal har zuwa Sudan da Kenya, kuma shi ke ɗauke da ƙwayar Leishmania major mai haddasa gyambon fata. Ƙwayar na zama a jikin ɓerayen daji, ƙudan kuwa yana hayayyafa a ramukansu, daga nan ya kai ta ga ɗan Adam.

Yadda tsayin ƙasa ke rarraba su

Ƙudan yashi ba ya ƙwai a ruwa. Yana nasa ƙwayayensa ne a ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi, a wuri mai duhu da iska ba ta kaɗawa. Shi ya sa ƙasar duwatsu ke tara nau'o'i da dama: kogo, tsagar dutse, gindin tsauni da kwari, kowanne da irin zafinsa da danshinsa da dabbar da ke kwana a cikinsa.

Habasha ce babban misali. A tsaunukanta, galibi sama da mita 1,500, nau'o'in longipes da pedifer na zama a kogunan agwada, suna kwasar ƙwayar Leishmania aethiopica daga jikinta. A filayen arewa maso yammacin ƙasar da gabashin Sudan kuwa, nau'in orientalis ne ke mamaye baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, inda aduwa da dushe suka yawaita, kuma shi ke yaɗa mummunan nau'in cutar da ake kira kala-azar. A wasu sassan Kenya, nau'in martini ya fi son suri. Haka nan a kwarurukan tsaunukan Andes na ƙasar Peru akwai nau'o'in da ke yaɗa gyambon da mutanen can ke kira uta.

Wagini da kewayenta

Garin Wagini na Ƙaramar Hukumar Batsari yana dab da Dajin Rugu, wanda ya ratsa har Safana da Ɗanmusa. Duwatsun wannan yanki ba su kai tsaunukan Habasha tsayi ba, don haka abin lura a nan shi ne maɓoya: tsagogin duwatsu, kogon bishiya, suri, ramukan ɓeraye a gonaki, garken dabbobi da tsagaggen bangon ƙasa. Yankin na cikin shiyyar da duboscqi ke rayuwa, kuma cutar ba baƙuwa ba ce a wannan shiyya: a Damagaram ta Nijar aka fara ba da rahotonta a Afirka ta Yamma a 1911, an kuma sha samun ta a jihohin arewacin Najeriya, ciki har da Sakkwato.

Matsalar tsaro ta ƙara wa lamarin nauyi. Iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa kwana a daji, a kango ko a fili ba tare da gidan sauro ba, su ne suka fi kusa da cizon. Haka ma manoma, makiyaya, masu itace, da fatake da ma'aikatan da aiki ke kai su kwana a ƙauyuka.

Alamomi da kariya

Gyambon kan soma ne kamar ƙurji a fuska, hannu ko ƙafa, makonni ko watanni bayan cizon. Daga baya sai ya buɗe ya zama miki mai tudun baki, wanda sau da yawa ba ya zafi, ba ya kuma jin maganin miki na yau da kullum. Yakan warke bayan watanni, amma ya bar tabo na har abada. Kala-azar kuwa tana zuwa da doguwar masassara, rama, ƙarancin jini da kumburin saifa, kuma tana kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba.

Har yanzu babu allurar rigakafin cutar ga mutane, saboda haka kariya ita ce gaba. Gidan sauro mai magani ya fi, domin ƙudan na iya kutsawa ta ramukan wanda ba shi da magani. Liƙe tsagar bango, kwashe taki da shara daga kusa da ɗaki, toshe ramukan ɓeraye, nisanta garke da makwanci da sanya tufafi masu rufe jiki da daddare duk suna rage cizon. Duk mikin da ya shafe makonni bai warke ba, asibiti ya kamata a kai shi, a kuma shaida wa likita wuraren da mai shi ya kwana a watannin baya.