Me ya sa manhajar da ta buɗe a Rano ta ƙi buɗewa a Kibiya?

Yau kwamfuta za mu taɓa, amma matsalar ka san ta a wayarka. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba. Wayoyin lafiyarsu ƙalau, manhajar ce ta yi gaba ta bar su. To, masu haɗa rumbun adana bayanai a kwamfuta sun shekara talatin suna fama da irin wannan.

A ce ka iya Microsoft Access, ka haɗa wa wata makarantar kuɗi a Rano manhajar da ke riƙe sunayen ɗalibai, kuɗin makaranta da sakamakon jarabawa. Wani mai makaranta a Kibiya ya ji labari, ya ce shi ma a yi masa. Ka zuba a filas ka kai, aka danna, kwamfuta ta ce ba ta gane wannan fayil ba. Ga ƙarshen zango ya matso, iyaye na jiran sakamako. Ba bairos ba ne, ba kuma lalacewa kwamfutar ta yi ba. Ta hannu ce aka sayo a Beirut Road da tsohon Office a kanta, kai kuwa da sabo ka yi aiki. Asalin rigimar yana cikin tarihin Access ɗin kansa.

Microsoft ya fitar da Access na farko a watan Nuwamban 1992. Na biyu ya zo a 1994, sai Access 95, sai Access 97, kuma kusan kowanne da irin tsarin fayil ɗinsa, duk da cewa sunan duka yana ƙarewa da .mdb. Idan ka buɗe tsohon fayil a sabon zubi, zai tambaye ka ko a juya shi zuwa sabon tsari. Kana yarda, shi ke nan, mai tsohon zubi ya yi sallama da shi. Ka riƙe wannan: sabo yakan karanta na tsoho, tsoho ba ya karanta na sabo.

A 1999 Access 2000 ya fito, kuma wannan canjin ya shafe mu Hausawa kai tsaye. A nan ne ya fara adana rubutu da tsarin Unicode, wanda ya san ɓ da ɗ da ƙ a matsayin haruffa masu zaman kansu. Kafin nan sai dai dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro salon rubutu na musamman mai haruffan lanƙwasa a shekarun 1990, kuma ya taimaka ƙwarai. Sai dai irin wannan salo aron gurbin wata alama yake yi, don haka in aka kai fayil kwamfutar da ba a saka mata shi ba, sai Ɗanladi ko Ƙasimu su fito da wata baƙuwar alama a farkon sunansu. A wannan zubi ne kuma girman fayil ya tashi daga gigabait 1 zuwa 2, kuma har gobe a nan ya tsaya.

Access 2002 da 2003 sun kyauta: idan ka buɗe sabon aiki, a tsarin 2000 suke ajiye shi sai in kai ka canza. Shi ya sa a shekarun nan aka ɗan samu sauƙi.

Sai 2007 ta zo da .accdb. Masu Word da Excel na 2003 an ba su ɗan ƙarin manhaja kyauta da ke buɗe musu sababbin fayiloli. Masu Access 2003 ba a ba su komai ba. A ganina wannan ce babbar katangar da aka gina a duk tarihin. Amma a shekarar an yi abin kirki ɗaya: Access Runtime ya zama kyauta. Shi Runtime Access ne da aka cire wa kayan gini, yana gudanar da manhajar da ka haɗa, amma ba a iya sauya fasalinta da shi. A da sai mai haɗa manhaja ya sayi lasisi na musamman kafin ya raba shi. Amfaninsa gare ka shi ne, ba dole sai kwastomanka yana da Access ba, domin ba kowane kunshin Office ke zuwa da shi ba. A waya kuwa babu shi sam, kada ka tura fayil ɗin ta WhatsApp ka ce a duba a Android.

Office 2010 ya ƙara wani rabuwar kai, ya zo iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64. Galibi in za ka ba kwastoma aiki kakan kulle shi ya koma .accde don kada a taɓa maka lambobin da ka rubuta. To wanda aka kulle a mai 32 ba ya buɗewa a mai 64, haka ma akasin haka. Kwamfutoci biyu, Office iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya ta karɓa ɗaya ta ƙi. Wannan ya fi kowanne ruɗa mutane.

Daga 2013 ma sabon ya fara juya wa tsoho baya: Access 2013 ba ya buɗe fayil ɗin Access 97. Wanda ke da tsofaffin bayanai a wancan tsari sai ya nemo zubin da ke tsakiya, kamar 2003 ko 2007, ya juya su tukuna. A 2017 kuma aka shigo da nau'in lamba mai suna Large Number, wanda da zarar ka yi amfani da shi a tebur, tsofaffin zubi sun fita daga wasan.

To yaya za ka yi da na Rano da na Kibiya? Kafin ka fara aiki ka tambayi kowa zubin da ke kwamfutarsa da bit ɗinsa, ko ya ɗauko maka hoton shafin bayanin Office da waya. Sannan ka gina a kan mafi tsufa cikinsu, a can kuma za ka kulle, kwafi ɗaya na 32, ɗaya na 64. Kada ka yi gyara a sabuwar kwamfuta ka mayar wa mai tsohuwa, musamman in manhajarka na tura bayanai zuwa Excel ko Word, domin mahaɗin yakan ɗaga kansa zuwa sabon zubi, ba ya kuma saukowa da kansa. Ka kuma raba aikin gida biyu, teburan bayanai a fayil ɗaya, fom da rahoto a wani. In gyara ya taso sai ka musanya na biyun kawai, sakamakon yaran mutane yana nan ba a taɓa ba.

Tun 10 ga Oktoban 2017 Microsoft ya daina kula da Office 2007, na 2010 a Oktoban 2020, na 2013 a Afrilun 2023, na 2016 da 2019 kuma wa'adinsu ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ba wai suna daina buɗewa ba ne, gyaran tsaro ne ba sa samu. Don haka in mai makarantar Kibiya ya ce ba zai rabu da tsohuwarsa ba, ka yi masa aiki a kanta, amma ka roƙe shi ya rage saka mata filas ɗin kowa, ya kuma riƙa kwafe fayil ɗin teburan duk ranar Juma'a.