Baƙin Rami a Cikin Kwamfutar Kwantam: Me Gwaji Ya Tabbatar?

A 1974 Stephen Hawking ya nuna cewa baƙin rami, inda ƙarfin jan nauyi ya kai har haske ba ya kuɓuta, yana fitar da ɗan tururin zafi, kuma da haka yake ƙafewa sannu a hankali. A 1976 ya ƙara da maganar da ta tayar da ƙura: in ramin ya ƙafe ƙaf, bayanin duk abin da ya haɗiye ya tafi ke nan. Ƙa'idar kwantam kuwa ba ta lamunci haka ba. A wurinta bayani yakan warwatse, amma ba ya shafewa.

Duk wanda ya taɓa wanke allo a tsangayun Rano ko Kibiya zai gane gardamar nan take. Haruffa sun bar allo, tawada tana cikin ruwa. Shin wanda ya san motsin kowace ƙwayar tawada zai iya mayar da rubutun yadda yake? Don Page ya lissafa a 1993 cewa in har bayanin na fitowa, ba zai fara bayyana a tururin ba sai ramin ya yi nisa da ƙafewa, kusan rabi. A 2007 Patrick Hayden da John Preskill suka nuna cewa tsohon ramin da ya wuce wannan gaɓa yakan maido abin da aka jefa masa cikin hanzari, muddin an adana tururin da ya fitar tun farko. Beni Yoshida da Alexei Kitaev suka tsara hanyar warware wannan bayani daga tururin a 2017.

Daga nan aka shiga ɗakin gwaji. A 2019 masana a Jami'ar Maryland ta Amurka suka cakuɗa bayani a kwamfutar kwantam mai kubit bakwai (kubit shi ne ƙwayar bayani a irin wannan kwamfuta), suka kuma tsamo shi a wani gefen. A 2022 aka yi amfani da kubit tara na Sycamore, na'urar Google, jaridu suka yi ta yayata cewa an haƙa ɓoyayyar hanya tsakanin ramuka biyu. Shekara ba ta zagayo ba masana Kobrin da Schuster da Yao suka soki aikin, cewa an rage samfurin da aka kwaikwaya a na'urar har ya rasa wasu siffofin da ake nema a jikinsa.

Ni a ganina, ko da babu wannan suka, gwajin bai raba gardamar Hawking ba, kuma ba zai raba ba. Kwamfutar kwantam a kan ƙa'idar kwantam aka gina ta. In ta maido bayani, ta maimaita sharaɗin da aka ɗora mata ne, alhali abin da ake jayayya a kai shi ne ko baƙin ramin ainihi yana bin wannan sharaɗi. Abin da gwajin ya tabbatar ya fi haka ƙanƙanta, amma yana da daraja: dabarar warwarewar tana aiki, kuma ana iya bambance cakuɗar bayani da lalacewarsa saboda hayaniyar na'ura, abin da maƙeran kwamfutar ke matuƙar buƙata.

Sararin samaniya ma ba zai kawo ɗauki nan kusa ba. Rami mai nauyin rana ya fi sararin da ke kewaye da shi sanyi nesa ba kusa ba, don haka a yanzu ƙaruwa yake yi. Hujja mafi ƙarfi har yau a kan takarda take: lissafin Geoff Penington, da na Almheiri, Engelhardt, Marolf da Maxfield, waɗanda a 2019 suka fitar da sakamakon Page daga ƙa'idar jan nauyi kanta, duk da cewa a sauƙaƙan samfura suka yi aikin.